Wa Zai Ɗaura Zanen Uwar Bakolori?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna neman aron kunnuwanku a kan wata magana wadda da yawa daga cikinku za su ce ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. To, mu dai a wurinmu ta isa, har ta yi rara.

Ga abin da ya faru. Tun farkon zangon nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai, wadda galibinmu 'yan Talata Mafara da Bakura da Maradun muke cikinta, ta ɗauri niyyar nuna wasa a kan abin da ya auku a Bakolori cikin watan Afrilu na 1980. Labarin ba baƙonmu ba ne, a bakin kakanninmu muka ji shi. An datse Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gama ginin madatsar a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, manoma suka jira diyya har suka gaji, suka tare hanyoyin aikin, sa'an nan aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnatin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye suka ce ɗaruruwa ne. Wasan da muka tsara ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, watau wata uwa wadda ta fita neman gawar ɗanta. Duk sauran 'yan wasa, da ɗan sanda da injiniya da hakimi da ɗan kwangila, ita suke kewayawa.

Da muka kafa sanarwa, ɗalibai mata uku suka zo gwaji, kowace da iznin gidansu, kowace da hijabinta har ƙasa. Babu rawa a wasan, babu waƙar soyayya, babu inda hannun namiji zai taɓa na mace. Mako biyu muna gwaji lafiya lau. A mako na uku sai wani ɗan'uwanmu, wanda Allah ya hore wa waya mai kyau amma bai hore masa aikin yi ba, ya leƙo ta taga ya ɗauki hotonsu, ya watsa a zaurukan WhatsApp tare da kalmar da ba za mu ƙazantar da shafin nan da ita ba. Kafin Jumma'a ta zagayo, yayan ɗaya ya taso takanas daga gida ya ce mata ta zaɓa, ko wasa ko karatu. Ta biyu, saurayin da ya riga ya kai kuɗin gaisuwa gidansu ne ya aiko mata da saƙo. Ta uku ta daure har kwana goma, tana wucewa ana yi mata fito, ana kiranta da sunayen 'yan fim, sa'an nan ta zo ta ajiye mana takardun wasan a kan tebur ta ce mu yafe ta. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Mu ne muka kasa ɗaga ido mu dube ta.

Sai majalisar ɗalibai ta zauna domin ta warware matsalar. Wani mai girma wakili ya miƙe ya ce abin ai mai sauƙi ne: a samo ƙato guda a ɗaura masa zane da kallabi, a cusa masa tsumma a ƙirji, ya maƙale murya, shi ke nan an huta da fitina. Zaure ya kwashe da dariya, aka ɗaga hannu, shawara ta wuce. Ko mutum ɗaya bai tayar da maganar mai leƙen taga ba. Watau matar da ta bi gawawwaki tana buɗe fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ita za a mayar abin barkwanci, 'yan kallo su riƙe ciki suna jiran zane ya kwance. Mun ƙi. Dalilin ƙin namu muka zo mu bayyana a nan, tun da a zauren ba a bari mun kai aya ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, a daren da aka yanke wannan shawara mun bi ta ɗakunan kwana, kusan kowane ɗaki ka leƙa sai ka tarar an yi cincirindo a kan waya ɗaya ana kallon Labarina ko Daɗin Kowa. Waɗanda suka ɗaga hannu da rana, su ne suke gardama da dare a kan wace jaruma ta fi iya kuka. Ashe muna son wasan, 'yar wasan ce ba mu so. Ko kuwa dai muna son ta, muddin 'yar gidan wasu ce, daga wani gari mai nisa, wadda ba za mu haɗu da ubanta a sahun masallaci ba. Wannan shi Bahaushe yake kira cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Bari mu ɗan fita waje mu dawo, domin wani lokaci sai mutum ya leƙa gonar maƙwabci yake sanin tasa ta yi ciyawa. A ƙasar Amurka an yi wata mata ana ce da ita Lillian Gish, wadda aka haifa a 1893. Talauci ne ya hau da ita dandamali tun tana 'yar ƙanƙanuwa, domin uban ya tafi ya bar uwar da 'ya'ya mata biyu. A 1912 ta fara fitowa a fim, a zamanin da fim bebe ne, ba ya magana. Da ido da kafaɗa da yatsu ake faɗin duk abin da ke cikin zuciya, sai ɗan rubutun da akan saka tsakanin hoto da hoto. A 1920, saboda wani fim mai suna Way Down East, ta kwanta a kan falalen ƙanƙara da ke yawo bisa kogi, gashinta da hannunta cikin ruwan sanyi, har hannun bai ƙara komawa daidai ba iyakar ranta. Da fim ya buɗe baki wajen 1927, taurari da yawa suka dushe. Ita sai ta koma dandamali a 1930 ta yi wasan Chekhov, mutumin Rasha, a 1936 kuma ta yi Hamlet na Shakespeare tare da John Gielgud. Da talabijin ya zo ta shiga. Ta dawo sinima tana fitowa a uwa da kaka. A 1971 aka ba ta kyautar Oscar ta girmamawa. Fim ɗinta na ƙarshe, The Whales of August, ya fito a 1987 tana da shekara 93, ta rasu a 1993, saura 'yan watanni ta cika ɗari. Ku lissafa da kanku: shekara 75 tsakanin fim ɗinta na fari da na ƙarshe.

Kada wani ya ce waliyyiya muke so mu mayar da ita. Fim ɗin da ya fara ɗaukaka ta, The Birth of a Nation na 1915, ƙazamin fim ne wanda ya ci mutuncin baƙar fata, ya wanke 'yan ta'addar Ku Klux Klan, kuma har ta mutu ba ta daina kare wanda ya shirya shi, D. W. Griffith, ba. Mu da aka zaga ba mu manta ba. Haka nan Amurka ta tauna dubban 'yan wasa mata ta tofar, babu wanda bai san wannan ba. Abu ɗaya kaɗai muke so ku lura da shi: an bar matar nan ta tsufa a cikin sana'arta. Abin da ta koya tana da shekara 20, ta kai shi gaban 'yan kallo tana da 90, bayan ya daɗe yana nuna a hannunta. Sana'a kuwa, kowace iri ce, ba ta faɗawa sai ta jima. Ku tambayi maƙeri, ku tambayi majemi.

To, mu dawo kusa da gida, mu tsallaka iyaka zuwa Nijar. A birnin Yamai aka haifi Zalika Souley a 1947. Sule ke nan, haka Faransawa suka koya musu rubutawa. Tana da shekara 19, a 1966, Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa na kaboyi, Le Retour d'un aventurier, ta hau doki da wando da bindiga a ƙugu. Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta a Cabascabo, da kuma Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da kyautar. Ana lissafa ta cikin matan farko a Afirka ta kudu da Sahara da suka riƙi fim sana'a. Amma da yake yawanci a karuwa ko muguwar kishiya ake sa ta, sai mutanen gari suka kasa rarrabe Zalikar allo da Zalikar unguwa, suka ɗauki zunuban da marubuci ya ƙaga suka ɗora mata a ka. Ganda ya rasu a 1981, harkar sinima a Nijar ta durƙushe. Lokacin da Rahmatou Keïta ta je ɗaukar tarihinta, fim ɗin da ya fito a 2004 da sunan Al'lèèssi, ta same ta a wani ɗan ƙaramin gida, babu ko ruwan famfo, tana faɗi-tashin abin da za ta ba 'ya'yanta. Daga baya ta fita ƙasashen waje aikatau a gidajen mutane. Matar da ta wakilci ƙasarta a bukukuwan fim na duniya, ita ce ta koma wankin tukwanen wasu. Ta rasu a 2021.

Namu labarin kuwa tun daga tushe aka karkata shi. Fim ɗin bebe ba baƙon ƙasar nan ba ne. Kakanninmu sun san majigi, watau motar da Turawan mulkin mallaka, daga baya kuma Ma'aikatar Watsa Labarai ta Jihar Arewa, suke turowa ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, hoto yana motsi, wani ma'aikaci yana riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da hoton yake nufi. Tsafta, allura, haraji, noman auduga. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai; ku dubi ko sunan fim ɗin, Larai aron suna kawai ta ba ubanta. Da aka buɗe gidajen sinima a birane, kamar Rex ta Kano a 1937, duk macen da aka gani ta shiga kallo sunanta karuwa. In mai kallo ta sha wannan suna, ina ga wadda ta yarda aka haska fuskarta a allo?

A ɓangaren rubutaccen wasa kuwa, mu 'yan Mafara muna da abin buga ƙirji, domin Wasan Marafa na Alhaji Abubakar Tunau Mafara, wanda aka buga a 1949, yana cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta da hannunsa. Amma ina ake nuna irin waɗannan wasanni a lokacin? A makarantun midil da kwalejojin kwana na maza zalla, inda babu mace ko ta rantsuwa, dole aka riƙa zaɓen yaro mai siririyar murya a ɗaura masa zane. Daga can wannan ɗabi'a ta fito. Larurar makarantar Bature ce, wadda ta ɗauki 'ya'ya maza ta bar mata a gida. Yau, bayan shekara saba'in da ɗoriya, majalisarmu ta tono ta ta kakkaɓe mata ƙura, ta ce mana ita ce al'adarmu.

Da rediyo da talabijin suka kafu a Kaduna a 1962, daga baya Kano da Sakkwato da Jos, mata sun shigo, sun yi shekara da shekaru suna sa jama'a dariya da kuka. Amma ku tsayar da kowane dattijo a tashar Mafara ku ce ya lissafa muku 'yan wasan wancan zamani. Nan take zai jero muku Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu, da Golobo. Ku ce ya kawo sunan yanka na mace biyu da suka yi wasa tare da su, ko a Idon Matambayi na talabijin ɗin Sakkwato da ya raini iyayenmu, sai ya fara sosa ƙeya. Ga fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a bikin fim na Berlin a 2018. Duk ɗalibin Hausa ya san Umaru Ladan ne ya fito a Shaihu. Amma zuciyar labarin ai uwar ce, wadda ta bi sawun ɗanta har cikin hamada, ta faɗa bauta, ta cika jim kaɗan bayan sun sadu. Duk wanda ya kawo sunan matar da ta fito a uwar nan ofishin mujallar nan, ba tare da ya taɓa wayarsa ba, muna da tukuici.

Wanda ya fi mana ciwo shi ne na Hajiya Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da Tambaya. Ita ce mafi kusa da abin da muke nema, domin ta fara tun zamanin wasannin talabijin, kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, ta ratsa zamanin kaset da na faifai har ta iso zamanin waya. A watan Fabrairu na 2022 ta zauna a shirin Daga Bakin Mai Ita na Sashen Hausa na BBC, ta bayyana cewa abin da akan sallame ta da shi bayan aiki naira dubu biyu ne zuwa dubu biyar, ta kuma koka da rashin muhalli. Aka yi ca. Wasu manyan masu shirya fim suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba, wasu suka ce gaskiya ta faɗa, masu hali suka kai mata gudummawa. Mu ba alƙalai ba ne, ba mu ce wane ya yi ƙarya ba. Abin da muka gani shi ne, an yi mako guda ana musu da baki, maganar wannan tana karo da ta wancan, domin harkar tun asali da baki ake yin ta. Da akwai yarjejeniya a rubuce, da rasit, da ƙungiya mai haƙori wadda ta yanke mafi ƙarancin ladan yini, da gardamar ba ta kai azahar ba. Kuma gudummawa, komai yawanta, sadaka ce. Ma'aikaciyar da ta ba sana'a ƙuruciyarta da tsufanta hakkinta take bi.

Galibin 'yan'uwanta ma ba su kai inda ta kai ba. Kun san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta shigo tana da shekara 18, ta haska shekara huɗu ko biyar, a buga hotonta a kalanda da bayan Keke Napep, sa'an nan wani mai kuɗi ya aure ta bisa sharaɗin ta bar fim. In auren ya zauna, mun yi asarar 'yar wasa daidai lokacin da ta fara gane aikin. In ya mutu ta dawo, sai mu ce ai dama mun faɗa, 'yar fim ba ta zaman aure. Ta ko'ina ta bi, laifin nata ne. Namiji kuwa aurensa ba ya taɓa aikinsa. Ali Nuhu ya shigo harkar a ƙarshen shekarun 1990, ya yi aure, ya ci gaba, har a watan Janairu na 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ba mu yi masa hassada, ya yi aiki ya ci. Tambayarmu ita ce, ina 'yan matan da suka fito tare da shi a fina-finansa na farko? In kuma aka yi kuskure, a kan mace sandar take sauka. A 2007, da hoton sirri na wata 'yar wasa ya fita a Kano, ita aka yi wa waƙa, ita ta ɓuya, aka dakatar da shirya fim wata da watanni. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon wata waƙa. Mutum biyu ne a cikin bidiyon.

Yanzu bari mu fuskanci masu adawa da mu, domin ba dukansu ne 'yan fito da leƙen taga ba. Akwai masu magana da zuciya ɗaya, kuma sun cancanci amsa.

Na farko suna cewa addini. Mu ba malamai ba ne, ba za mu yi shisshigi a fagen fatawa ba. Wanda ya ce wasan kwaikwayo gaba ɗayansa bai halatta ba, ya kuma kame idonsa daga kallonsa, mun girmama shi, maganarsa da aikinsa sun tafi tare. Amma wanda ya sayi data da kuɗin makarantarsa ya kwana yana kallo, gari ya waye ya ce mai yin wasan 'yar wuta ce, sai ya gaya mana a wane littafi aka raba zunubi haka, mai sayarwa ta ɗauka duka, mai saye ya tafi da lada. Kuma tun muna makarantar allo muka ji hukuncin namijin da ya yi shigar mata, da macen da ta yi shigar maza. Majalisar da ta ce tana gudun saɓo, sai ga shi ta tsallake abin da malamai suke saɓani a kansa ta faɗa kan wanda aka yi hani da shi ƙarara. Mu abin da muka nema bai wuce mace ta fito a mace, namiji ya fito a namiji ba. Sa'an nan ɗaukar hoton 'yar mutane a ɓoye da yi mata ƙazafi, shi wane babi ne?

Na biyu suna cewa al'ada. Wace al'adar? Ta ƙasar da 'yan mata suke fita tashe tun daga goma ga azumi, gida gida, suna wasan Mairama da Daudu, suna koya wa matan aure zaman gida cikin raha? Ko ta ƙasar da matan fada suke shirya wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idon sarkin, ya ga rinjayen mulkinsa da aibinsa a jikin kuyanginsa? Ko ta ƙasar kalankuwa, inda samari da 'yan mata suke naɗa sarautunsu bayan kaka? Matan Hausa suna wasan kwaikwayo tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera kyamara.

Na uku su ne masu hujja mafi ƙarfi. Suna cewa harkar fim ta lalace, akwai masu shirya fim da suke cin zarafin 'yan mata kafin su ba su fitowa, akwai kwaikwayon rawar Indiya marar kan gado, akwai labarai na shirme. Mun yarda, har mun fi su faɗa. Amma ku duba wace yarinya ake cuta. Ita ce wadda ta gudo daga gida ba da sanin kowa ba, domin ta san in ta nemi izni ba za a ba ta ba, ta sauka Kano ba uwa ba uba, ba takarda ba ƙungiya, in an zalunce ta ba ta da bakin kai ƙara, gama kowa zai ce ita ta kai kanta. Ƙyamar da muke nunawa ita ce take miƙa ta hannun azzalumi. Ranar da 'yar gidan mutunci mai digiri za ta shiga harkar da rana tsaka, yayanta ya raka ta, lauya ya duba mata takarda, ranar ce kasuwar azzalumi za ta fara ci baya. Wurin da ya kamata a fara koyon haka kuwa shi ne nan, a jami'a, inda akwai malamai, akwai doka, akwai haske. Nan ɗin ne muka kore su.

Mu 'yan wannan yanki ya kamata mu fi kowa jin kunyar abin nan, domin mun san yadda raini yake komawa alfahari. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta sani da Maradun, da Sa'idu Faru wanda ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo waƙa a Talata Mafara, a zamaninsu maroƙa ake ce musu, kuma gidaje da yawa ba za su ba maroƙi 'ya ba. Yau ga shi ana samun digiri a kan waƙoƙinsu, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya cika littattafai da tarihinsu, mu kuma in an tambaye mu garinmu sai mu haɗa da sunansu. An yafe wa maza sana'arsu, ko da bayan ransu ne. Matan fa, sai yaushe?

Kada kuma a ce mana ba mu da masu faɗa a ji. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, gwamnan Zamfara daga garuruwan nan uku ya fito: Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Mafara, da Matawallen Maradun. Kujera ba ta yi mana ƙaranci ba. Mu ne ba mu taɓa ɗaukar maganar nan da muhimmancin da za mu kai ta gaban kowa ba. Ga wani abin da ya fi wannan nauyi. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, a cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A shekarar nan dai aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, aka shiga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Duk mun yi kuka, mun yi alƙunutu, mun rubuta a Facebook cewa ilmin 'ya mace hakki ne. 'Yan matan da suka zo gwajinmu sa'o'in waɗancan ne. Sun bi hanyoyin da ake tare mutane, iyayensu sun danne tsoro sun bar su sun zo. Ɗan bindiga bai hana su isowa jami'a ba, sai mu, 'yan'uwansu masu karatu, muka hana su hawa dandamali mai tsawon taku goma.

Saboda haka muna kira ga majalisa ta sake zama ta janye shawararta, ta kuma kira mai leƙen taga ya amsa tambaya a gaban kwamitin ladabtarwa, domin kowa ya san shi. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin gwaji da rana kawai, ƙofa a buɗe, da malama mace a zaune, duk uba ko yaya ko saurayin da yake da shakka ya zo ya zauna a kujerar gaba, mu ba shi takardar wasan ya bi layi layi. Ranar nuni za a buga cikakken sunan kowace 'yar wasa a takardar shiri, in ta yarda, a ɗauki wasan a ajiye kwafi a laburare.

Ku kuma yayyenmu da kuke ma'aikatun watsa labarai da na al'adu, da gidajen rediyo da talabijin na Gusau da Sakkwato da Kaduna, akwai aikin da ba sai an ba ku kasafi ba. Ku buɗe ɗakunan ajiyar nan ku ga abin da gara da zafi suka rage. Gidajen talabijin a ko'ina, har BBC, sun sha goge tsohon kaset su ɗora sabon shiri a kai. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na manyan fina-finan bebe na ƙasarsu sun ɓace ɗungurungum. Su sun zauna sun ƙidaya asararsu. Ku ƙidaya mana tamu, ku rubuta sunan duk macen da kuka gani ko kuka ji a kaset, ku kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna. 'Yan ajin ƙarshe na Sashen Hausa, masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, kundin Ɗanƙwairo ya yi yawa a kanta. Hauwa Ali Dodo ta tafi a 2010, Hauwa Maina a 2018, Saratu Giɗaɗo a 2024. Waɗanda suka rage ba za su jira ku gama yajin aiki ba. Ku ɗauki rakoda ku je ku durƙusa a gabansu.

Takardun da 'yar'uwarmu ta ajiye suna nan a kan tebur inda ta bar su, ba mu ba kowa ba. In ranar nuni ta zo babu macen da aka bari ta hau, wasan ba zai fasa ba, kuma ba za mu ɗaura wa ƙato zane ba. Za mu ninke zanen da kallabin mu ajiye su a tsakiyar dandamali. Ɗan sanda zai yi wa zanen tsawa, hakimi zai ba zanen haƙuri, duk inda uwar ya kamata ta yi magana za mu yi shiru daidai tsawon maganarta, mai girma wakili yana zaune a sahun gaba yana kallo. Akwai gwaji ranar Asabar bayan sallar la'asar, a ɗakin da aka saba. An sa wa tagar labule.